Shin bibiyar barcin majiyyaci daga nesa tana rage kashe kuɗi?

Ɗalibar Lafiya:
Assalamu alaikum. Ina nazarin tsarin da likita ke bibiyar masu yankewar numfashi a cikin barci ta intanet, ba tare da sun kwana a asibiti ba. Ana cewa ya fi araha, to da wane ma'auni ake tabbatar da hakan?

Malamin Tattalin Arziki:
Wa alaikumus salam. Sai an fara tantance aljihun da ake yi wa lissafi. Gwajin asibiti yana cin gado guda da ma'aikacin da zai raya dare yana lura da wayoyin da aka manna wa mutum a kai da ƙirji, shi kuwa na gida ƙaramar na'ura ce da majiyyaci zai ɗaura da kansa. Sai dai yawancin na'urorin gida ba sa auna aikin ƙwaƙwalwa, don haka sukan nuna tsananin cutar ƙasa da yadda yake, kuma idan waya ta zame cikin dare dole a maimaita gwajin. Lissafin da bai sa kuɗin maimaitawa da kuɗin motar majiyyaci ba, a ganina, bai cika ba.

Likitan Ƙirji:
Malam ya yi gaskiya, amma babbar asarar tana bayan gwaji. Na'urar CPAP, wadda ke hura iska ta takunkumi don kada maƙogwaro ya toshe, ba ta da amfani idan tana ajiye a kwali. A wani babban bincike mai suna SAVE na 2016, majiyyata sun yi amfani da ita kimanin awa 3.3 kacal a dare, kuma ba a ga raguwar kamuwa da ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba. A Amurka, inshorar lafiya ta gwamnati, Medicare, tana neman a yi amfani da na'urar aƙalla awa 4 a kashi 70 cikin ɗari na darare kafin ta ci gaba da biya, Faransa kuwa tun 2018 ta danganta abin da take biyan kamfanonin da ke samar da na'urar da bayanan da na'urar ke aikowa. Idan ma'aikaciyar jinya ta ga daga waɗannan bayanan cewa iska tana zurarewa ta gefen takunkumi a makon farko, ta kira ta gyara, ta ceto kuɗin na'urar gaba ɗaya.

Injiniyan Asibiti:
'Yar'uwa, idan za ki kawo lissafin Najeriya ko Nijar, ki haɗa da kuɗin batir ko sola, domin na'urar tana bukatar wuta har asuba.