Sunan Hausa na mass spectrometer: shawarata ita ce "majerin nauyi"

Malamai masu koyar da kimiyyar sinadarai da 'yan'uwa masu aiki a ɗakin gwaji, a muhawarar da ake yi kan sunayen Hausa da za a ba mass spectrometer da ayyukanta, ga abin da na tsaya a kai: na'urar mu kira ta majerin nauyi, zanen da take fitarwa kuma jerin nauyi.

An kawo "ma'aunin nauyi", amma duk wanda ya ji wannan, sikeli zai hango. Ita kuwa ba ta ɗora komai a kan faranti. Ƙwayoyin samfur take sa wa caji, ta rarrabe su gwargwadon nauyin kowace idan an raba da cajinta, sannan ta ƙirga yawan kowane rukuni. Tun 1919 da masanin kimiyya Francis Aston ya ƙera tasa a Kambirij ta Ingila, ya tabbatar da cewa iskar niyon iri biyu ce, mai nauyi 20 da mai nauyi 22, aikinta ke nan: jerawa. "Bakan nauyi", daga bakan gizo, yana da daɗi a kunne, sai dai babu haske a cikin lamarin, kuma ɗalibi zai haɗa ta da na'urorin da ke auna haske.

Malaman fiziya za su ce nauyi daban, yawan abin da ke jikin abu daban. Gaskiyarku ce, Malamai. Amma a bakin masu aikin, "nauyi" ya riga ya zauna.

Inda kalmomi suka fi wuya shi ne a binciken da ake yi kafin a sa samfur. Wannan na kira shi duban share fage.

Da farko a duba ko famfuna sun zuƙe iskar cikin na'urar sosai, don ƙwaya mai caji ba ta kai wa ga na'urar ƙirga idan tana karo da iska a hanya. Wasu na cewa bakyum, ni na fi son "wofin iska". A leƙa man famfon farko, a duba tukunyar gas: hiliyom ga wadda aka haɗa da na'urar raba tururi, naitirojin ga mai aiki da ruwan sinadari.

Sai batun da aka fi ja-in-ja a kansa, wato abin da ake kira leak da Turanci. An fassara shi da "yoyo", ban yarda ba. Yoyo daga ciki yake fita waje. A nan iskar ɗaki ce ke shiga ciki. Kutsen iska ya fi dacewa. Jerin nauyin da kansa yake tona shi: ruwa yana fitowa a 18, naitirojin a 28, iskar oksijin a 32. Idan 28 da 32 sun yi tsayi, na farkon ya kusan ninka na biyun sau huɗu kamar yadda suke a iskar da muke shaƙa, to akwai kafa. Idan 18 ne kaɗai ya tashi, galibi danshi ne, musamman in ba a daɗe da buɗe na'urar ba, sai a bar ta ta yi zafi ta bushe. Wanda ya yi gaggawa ya kunna, oksijin zai ci masa zaren wutar da ke sa wa ƙwayoyi caji.

"Saiti" ba ya bukatar gardama, kowa ya san saita abu. A irin mai aiki da tururi, ana sakin sinadarin PFTBA, wanda aka riga aka san nauyin gutsattsarinsa, a ga ko 69 da 219 da 502 sun faɗa a gurbinsu. In 502 ya yi rauni, yawanci wurin sa caji ne ya yi datti.

Na ƙarshe, a tura ruwan narkarwa zalla babu samfur, don a ga ko ragowar aikin jiya ta maƙale a hanya. Wani Malami ya ba da "gwajin fanko", kuma na karɓa hannu bibbiyu. In fanko ya fito da wani abu a jerin, ba a sa samfur sai an wanke allurar tura samfur an sake gwajin.