Me za mu kira "magical realism" da Hausa?

Mai shirin rediyo: Salamu alaikum. Gobe da azahar za mu naɗi shiri kan Gabriel García Márquez, marubucin Kolambiya da ya ci kyautar Nobel ta adabi a 1982, kuma har yanzu ban samu sunan da zan ba salonsa ba. A taimaka don Allah.

Malamar adabi: Wa alaikumus salam. "Zahirin sihiri", ko "zahiri mai siddabaru".

Ɗan Damagaram: Malama, sihiri a rediyo? Mai saurare zai ɗauka littafin bokaye ake yi wa talla. Siddabaru kuwa rufa-ido ne, alhali a wannan salon abin yakan faru ne da gaske a cikin labarin.

Malamar adabi: Haka ne, na janye siddabaru. Ga yadda salon yake: kaka ta rasu tuntuni, amma kullum da asuba sai ta dawo ta share tsakar gida, ba wanda ya firgita, ƙorafin kawai shi ne tana tada ƙura. Garin kuma gari ne na gaske, mai haraji da sojoji da yajin aiki. A 1949 marubuci Alejo Carpentier na Kyuba ya kira irin wannan da sunan da ke haɗa zahiri da abin al'ajabi. To, "zahiri mai al'ajabi".

Tsohon malamin firamare: Zahiri Larabci, sihiri Larabci, al'ajabi ma Larabci. Hausa ta ƙare ne? Ni "tatsugaske" nake cewa, tatsuniya da gaske. Kakanninmu sun daɗe da wannan salon kafin mutanen Amurka ta Kudu.

Malamar adabi: Allah ya gafarta Malam, tatsuniya da "ga ta nan ga ta nanku" take buɗewa, ta rufe da "ba don gizo ba da na yi ƙarya". Ita da bakinta take sanar da kai ba gaskiya ba ce. Wannan kuwa ko kaɗan ba ya nuna maka cewa ya bar duniyarmu. Kuma "adabi" da "littafi" da "alƙalami" daga ina muka samo su?

Tsohon malamin firamare: 'Yata, wancan aron dole ne. Wannan na ganin dama ne. Ku 'yan jami'a sai kalma ta zo da rawani kuke girmama ta.

Ɗan Damagaram: Baba, mu ma da namu kukan. Kano da Zariya su yanke kalma su miƙo mana, ba a taɓa tambayar yadda take zama a bakin mutumin Maraɗi.

Tsohon malamin firamare: To, ka gwada "tatsugaske" a Maraɗi ka gani.

Malamar adabi: Shi kansa sunan "magical realism" ma can aro ne. Franz Roh, Bajamushe, ya fara amfani da shi a 1925, kuma kan zane-zane yake magana.

Mai shirin rediyo: Lokaci ya ƙure mini. Zan ce "zahiri mai al'ajabi", in kawo misalin kakar nan. Baba, zan ambaci taka, in nemi ra'ayin masu saurare.

Tsohon malamin firamare: Na yarda saboda shirin gobe kawai. Amma ka faɗe ta sau biyu, a hankali, yadda za a ji.