Yaushe ya kamata a rubuta bayanan sabuwar siga, kuma wa ya kamata ya rubuta su?

Nasiru:

Assalamu alaikum. Mu 'yan kaɗan muke kula da wata ƙaramar manhaja ta buɗaɗɗen tushe da take aiki a kan Git (manhajar da take adana tarihin canje-canjen kod), tana sauƙaƙa wa ƙananan ƙungiyoyi sarrafa rassa (layukan aiki daban-daban a kan kod ɗaya) da haɗe aikin juna. Kod ɗin yana tafiya daidai gwargwado, amma takardun jagora da bayanan da ake fitarwa tare da kowace sabuwar siga sun zame mana nauyi. Abin da aka saba shi ne, idan ranar fitarwa ta zo, sai mutum ɗaya ya buɗe `git log` daga alamar sigar da ta gabata zuwa ta yanzu, ya kwashe kanun komit (wato kowane canji da aka adana a tarihin kod) ya jera su, ya ce ga bayanan siga. Abin da yake fitowa jeri ne da masu rubuta kod ɗin kaɗai suke gane shi, kuma ana samun zaɓin umarni da ya canza suna alhali jagora tana nan da tsohon sunan.

Ina neman wanda ya san yadda manyan ayyuka irin su Git da Subversion (wata manhajar mai aiki irin na Git) suke tafiyar da wannan lamari ya yi mana bayani. Wa yake rubuta bayanan, kuma a wane lokaci? Sannan akwai laifi idan aka bar wa na'ura ta tsamo su kai tsaye daga saƙonnin komit?

Injiniya Aminu:

Wa alaikumus salam, Malam Nasiru. Zan yi magana a kan Git, domin shi na fi bibiya.

Abu na farko shi ne, a wurinsu jagora ba wani aiki ne daban da kod ba. Takardun suna cikin ma'ajiya ɗaya da kod ɗin, a babban fayil mai suna `Documentation`, an rubuta su da tsarin AsciiDoc, kuma daga nan ake samar da shafukan da `git help` yake nunawa da waɗanda ake karantawa a intanet. Wanda ya aiko da faci (wato gyaran kod) mai ƙara wa umarni sabon zaɓi, ana sa ran ya gyara shafin jagorar wannan umarni a cikin jerin facin nasa, kuma idan bai yi ba masu dubawa za su tambaye shi kafin a karɓa. Ba a ce masa ya dawo daga baya ya rubuta, domin kowa ya san ba zai dawo ba. Har gwaji gare su na musamman, mai lamba t0450, wanda yake kwatanta abin da umarni yake bugawa idan aka kira shi da `-h` da taƙaitaccen tsarin amfani da aka rubuta a saman shafin jagorarsa, ta yadda idan suka saɓa wa juna gwajin zai faɗi. Wannan shi ne maganin matsalarku ta zaɓin da ya canza suna, kuma ba shi da wuyar kwaikwayo ko a ƙaramin aiki.

Bayanan siga kuwa suna cikin `Documentation/RelNotes`, kowace siga da fayil ɗinta. Junio Hamano, wanda yake kula da aikin tun watan Yuli na 2005 lokacin da Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiri Git, ya miƙa masa shi, shi ne yake rubuta mafi yawansu. Abin lura shi ne ba ya jiran ranar fitarwa. Kowane aiki da aka aiko yana zama a reshensa, ya bi ta reshen `seen`, ya shiga `next` a gwada shi, sannan ya kai `master`. Tun aikin yana wannan tafiya akwai ɗan sakin layi da yake bayyana shi a rahoton da yake aikawa a kai a kai game da halin da kowane reshe yake ciki, kuma idan aka haɗe rukunin rassa zuwa `master` sai a ƙara waɗannan sakin layi a fayil ɗin sigar da ake shirin fitarwa. Saboda haka bayanan suna girma a hankali tsawon zangon aikin, kuma ana rubuta kowane ɗaya a lokacin da dalilin canjin yake sabo a ƙwaƙwalwa.

Kuma bayanin na reshe ne gaba ɗaya, ba na kowane komit ba. Reshe mai komit ashirin yana iya ƙarewa da jimla biyu a bayanan siga. A nan ne nake ganin tsamowa daga `git log` take gazawa, domin saƙon komit ana rubuta shi ne don wanda zai zo ya karanta kod ɗin nan gaba yana neman dalilin da aka taɓa wannan layi, alhali bayanin siga ana rubuta shi ne don wanda bai taɓa buɗe kod ɗin ba kuma ba shi da niyya, abin da yake so ya sani kawai shi ne me zai sauya a aikinsa idan ya sabunta. Na'ura za ta iya tattaro muku jerin abubuwan da aka yi don kada ku manta da wani, amma ba za ta iya zaɓar abin da ya shafi mai amfani ba.

Malama Hadiza:

Na yarda da Injiniya a kan cewa jagora ta shiga tare da facin, ba ni da ja a nan. Inda na saɓa da shi shi ne ɗaukar tsarin Git a matsayin abin koyi ga aiki irin na Malam Nasiru. Tsarin nan yana tsaye ne a kan mutum ɗaya da yake karanta kusan duk abin da ya shigo, ya kuma shafe fiye da shekara ashirin yana yi. Ƙaramin aikin da masu kula da shi suke taɓa shi da dare ko ƙarshen mako ba shi da irin wannan mutum, kuma idan aka ɗora wa ɗaya daga cikinsu nauyin rubuta bayanin aikin kowa, ranar da ya shagala komai zai tsaya.

Shawarata ita ce wanda ya yi canjin shi ya rubuta bayaninsa, mai dubawa kuma ya duba bayanin kamar yadda yake duba kod. Hanyar da mutane suka fi farawa da ita ita ce fayil ɗaya na tarihin canje-canje mai sashe a sama na abubuwan da ba a fitar ba tukuna, kowa ya ƙara layinsa a nan. Sai dai wannan tana da matsalar da duk mai amfani da Git zai iya hasashe, wato rassa biyu ko uku suna ƙara layi a wuri ɗaya na fayil ɗaya, don haka kusan kowace haɗewa sai an yi karo, kuma karon da ba shi da wata ma'ana sai ɓata lokaci. Masu kula da harshen Python sun kauce wa wannan ta hanyar sa kowane canji ya zo da ƙaramin fayil nasa a cikin `Misc/NEWS.d`, wanda wata 'yar manhaja mai suna blurb take taimakawa wajen ƙirƙira, sannan a tattara su wuri ɗaya lokacin fitarwa. Akwai kuma towncrier, wadda ta fito daga aikin Twisted, tana yin irin wannan aiki ga duk wanda yake so. Tunda kowane bayani fayil ne mai zaman kansa, babu karo, kuma ana iya sa gwajin da zai ƙi karɓar canjin da bai zo da fayil ɗinsa ba.

Duk da haka dole wani ya zauna kafin fitarwa ya karanta tarin daga farko zuwa ƙarshe, ya haɗe masu maimaita juna, ya sa muhimmai a gaba. Aikin awa ɗaya ne maimakon aikin yini.

Ƙasimu:

Ni ba na rubuta irin waɗannan manhajoji, ina cikin masu girka su a kwamfutocin wasu, saboda haka bari in faɗi abin da mai karatu yake nema. Idan na buɗe bayanan siga, tambaya ɗaya ce a raina kafin komai, shin akwai abin da yake aiki jiya wanda zai daina aiki idan na sabunta? Sabbin abubuwa suna iya jira.

Manyan ayyuka uku, wato Git da Subversion da takwararsu Mercurial, duk sun gane haka, kowanne da hanyarsa. Git yakan sa sashen canje-canjen da suka saɓa wa tsohon hali a saman bayanan, kafin sashen sabbin abubuwa da na gyare-gyare. Fayil ɗin `CHANGES` na Subversion yana raba abin da mai amfani zai gani da abin da ya shafi masu rubuta kod kawai. A Mercurial kuma, komit da ya karya tsohon hali ana sa masa alamar BC a kanunsa, don mai tattara bayanai ya same shi ba tare da wahala ba.

Misalin da na fi yabawa shi ne na `git push`. A da, idan ka kira shi ba tare da ambaton reshe ba, yana tura duk rassan da sunansu ya dace da na ma'ajiyar da ake turawa zuwa gare ta. An sauya wannan a Git 2.0 a watan Mayu na 2014 zuwa tura reshen da kake kai kaɗai, amma tun a jerin sigogin 1.8 bayanan siga suke sanar da cewa canjin yana tafe, umarnin da kansa kuma yana buga gargaɗi yana faɗa maka saitin `push.default` da za ka sa idan kana son tsohon hali ko sabo. Da canjin ya iso, wanda ya ce bai ji ba sai dai bai so ji ba. Yanzu ma suna da takarda mai suna `BreakingChanges` da take lissafa abubuwan da ake shirin sauyawa a Git 3.0, ciki har da mayar da SHA-256, wata hanyar ba wa komit lambar shaida, ya zama zaɓin farko ga sabbin ma'ajiyoyi. Haka Subversion 1.7 a 2011, da ya sauya tsarin kwafin aiki ya tattara komai a babban fayil ɗin `.svn` guda ɗaya, bayanansa sun faɗa ƙarara cewa sai an kira `svn upgrade`, kuma tsofaffin sigogi ba za su iya karanta kwafin da aka ɗaukaka ba.

Wani abu kuma da ake mantawa da shi shi ne, jagora tana tsufa ko da babu wanda ya taɓa kod ɗin. An shigo da `git switch` da `git restore` a siga 2.23 a 2019, da gargaɗi a shafukansu cewa na gwaji ne kuma halinsu yana iya canzawa. Gargaɗin nan ya zauna har 2025 kafin a cire shi, alhali mutane sun daɗe da dogaro da umarnan biyu, wasu kuma suna guje musu saboda wannan layi ɗaya. Idan kuka rubuta cewa abu na gwaji ne, ku ajiye lokacin da za ku koma ku duba ko maganar tana nan.

Nasiru:

Na gode muku duka, Allah Ya saka da alheri. Na fi karkata ga shawarar Malama Hadiza ta ƙananan fayiloli, tare da gwajin da Injiniya ya ambata. Tambaya ɗaya ta rage mini. Muna da tsohuwar siga da wasu suke kai har yanzu, kuma mukan mayar mata da gyaran matsaloli masu tsanani. Idan gyara ɗaya ya shiga sigogi biyu, a ina ake rubuta cikakken bayaninsa? Kuma idan matsalar ta tsaro ce, ba za mu tona ta ba idan muka rubuta bayanin tun lokacin haɗewa?

Injiniya Aminu:

Ta tsaro ita ce keɓantacciya a cikin duk abin da muka faɗa. A Git ana tattauna irin wannan matsala a asirce tsakanin 'yan mutane kaɗan, a shirya gyaran da bayaninsa tare, sannan a fitar da su lokaci guda. Wato bayanin yana tafiya tare da facin kamar kullum, illa dai ba a ma'ajiyar da kowa yake gani ba har sai ranar sanarwa.

Game da inda ake rubutawa, al'adarsu ita ce a yi gyaran a reshe mafi tsufa da ake son ya samu, sannan a haɗo shi sama zuwa sababbi. A watan Afrilu na 2022, lokacin matsalar tsaro mai lamba CVE-2022-24765 da ta kawo saitin `safe.directory`, an fitar da 2.30.3 har zuwa 2.35.2 a rana ɗaya, kuma cikakken bayanin yana fayil ɗin mafi tsufar cikinsu, sauran suna nuni zuwa gare shi. Ga mai kula da aikin wannan tsari ne mai tsafta, amma a nan ba zan ba ku shawarar kwaikwayonsu ba. Wanda yake kan sabuwar siga ba lalle ya je ya buɗe bayanan tsohuwa ba, kuma wancan gyaran ya zo da canjin hali na gaske, domin Git ya fara ƙin aiki a ma'ajiyar da mai ita ba shi ne mai kiran umarnin ba, abin da ya tsayar da ayyukan gwaji na mutane da yawa har aka biyo da 2.35.3 mai ba da damar sa alamar tauraro a saitin don a amince da kowace ma'ajiya. Ku da sigogi biyu kawai kuke riƙe da su, ku maimaita cikakken sakin layin a duka biyun, tare da umarnin da mutum zai kira idan gyaran ya tsayar masa da aiki.