Neman shawara kan shiga dausayin Croatan da duhu don farautar barewa

Isuhu Damagaram:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san daji. Shekarata shida a Greensboro, jihar Karolina ta Arewa a Amurka, kuma sai bana na samu lasisin farauta bayan na yi kwas ɗin da hukuma ta wajabta wa sabon maharbi. Wani abokin aikina ya gayyace ni farautar barewa mai farar wutsiya a dajin Croatan, kusa da garin New Bern, a tsakiyar watan Nuwamba. Shirinsa shi ne mu bar mota a bakin hanya tun ƙarfe 5 na asuba, kowa ya nufi bishiyar da zai yi dako a kanta, domin doka ta halatta harbi ne daga rabin awa kafin fitowar rana zuwa rabin awa bayan faɗuwarta. Ke nan da duhu zan shiga, wataƙila da duhu zan fito. Ni kuwa mutumin Damagaram ne, inda ake hango raƙumi tun yana ɗan ɗigo a nesa, ban taɓa taka wannan daji ba, kuma an ce mini fadama ce da surƙuƙi. Me ya kamata in tanada, kuma yaya zan kauce wa makuwa?

Alhaji Garba na Raleigh:
Wa alaikumus salam, Malam Isuhu. Ka yi kyan kai da ka tambaya, matambayi ba ya ɓata. Na yi farauta a gabashin jihar nan shekaru da dama, kuma shawarata ta farko ita ce kada shigarka ta farko ta kasance da duhu. Croatan ya kai eka 160,000, tsakanin kogin Neuse da kogin White Oak, kuma babban ɓangarensa irin dausayin nan ne da mutanen wurin suke kira pocosin, wato ƙasa mai laushi kamar katifa wadda ruwa yake kwance a ƙarƙashinta, ga ƙananan itatuwa sun cushe sun fi tsayin mutum, ga wata ƙaya mai yaɗo da ta ɗaure su kamar sarƙaƙiyarmu ta gida. A wasu wurare ba ka ganin abin da ya wuce taku biyar ko da rana tsaka, balle da asuba.

Ka je kwana ɗaya kafin ranar, ka bi hanyar da hantsi tun daga mota har bishiyar, kana ƙirga takunka, kana kafa ƙananan ƙusoshin nan masu ƙyalli da ake sayarwa a shagunan kayan farauta. Ka kafa su daidai tsayin idonka, kuma a ɓangarori biyu na kowace bishiya, domin mutane da yawa sukan kafa su a gefen shiga kawai, sai lokacin fita ya yi su haska fitila su ga babu komai. Inda hanya ta karya kwana ka kafa biyu a jere. Idan ka gama farautarka ka cire abinka, dajin na jama'a ne.

Sanusi Columbus:
Ina girmama maganar Alhaji, amma a ganina wayar hannu ta rage wannan wahala sosai. Manhajoji irin su onX Hunt da HuntStand suna nuna maka inda kake tsaye a kan hoton tauraron ɗan'adam, har da iyakokin filayen mutane, wanda yake da muhimmanci a ƙasar da shiga gonar wani da bindiga kan jawo tara. Abin da ake buƙata shi ne ka sauke taswirar wurin tun kana gida, domin tsarin GPS, mai gano inda kake ta tauraron ɗan'adam, yana aiki ko babu layin waya, amma hoton taswirar ba zai buɗe ba idan ba a ajiye shi ba. Ka sa alama a inda motar take, ka kunna abin da ke zana sawunka, da yamma sai ka bi layin ka dawo.

Alhaji Garba na Raleigh:
Sanusi, ban ƙi waya ba, ni ma ina da ita a aljihu. Sai dai na taɓa ganin yadda sanyi ya cinye batirin tawa daga kusan rabi zuwa mutuwa cikin awa guda, kuma na taɓa zamewa har ƙugu a ruwa da ita a aljihun wando. Akwai kuma wani abu: idan kana tafiya a hankali cikin cunkoson itatuwa, kibiyar da ke kan allo takan yi ta juyi, ka yi taku goma kafin ka gane cewa baya ka nufa. Ka riƙe wayar a jakar leda tare da batirin caji, amma ka rataya kamfas na allura a wuyanka, wanda ba ya cin caji.

Dokta Bashir Zariya:
Ina goyon bayan Alhaji, kuma zan ƙara dalili. A shekarar 2009 masu bincike na cibiyar Max Planck da ke Tübingen a Jamus sun sa mutane su yi tafiya a miƙe a dajin Bienwald da kuma hamadar Tunisiya, suna bin sawunsu da GPS. Waɗanda suka ga rana sun tafi kusan a miƙe, amma waɗanda gajimare ya rufe musu ita sun yi ta kewaye, har suna tsallaka sawun kansu ba su sani ba. Ba rashin wayo ba ne, haka jikin ɗan'adam yake idan babu abin da ido zai kama daga nesa. Saboda haka a ranar da zuciyarka ta ce mota tana dama, kamfas ya ce tana hagu, ka bi kamfas.

Amma a yi amfani da shi yadda ya dace. A Najeriya da Nijar allurar kamfas tana nuna kusan ainihin arewa, shi ya sa ba mu saba da gyara ba. A gabashin Karolina ta Arewa kuwa tana karkata yamma da kimanin digiri 10, kuma kuskuren digiri 10 a tafiyar kilomita ɗaya zai kauce da kai kusan mita 175, wanda a cikin wannan surƙuƙi ya isa ka wuce motarka ba ka gan ta ba. Ka kuma nisanta shi daga bakin bindiga da waya lokacin dubawa, domin ƙarfe yana jan allurar.

Abin da ya fi komai amfani shi ne wannan. Kafin ka shiga, ka buɗe taswira ka nemo wani dogon abu da ba zai yiwu ka tsallake shi ba ka sani ba, kamar hanyar da kuka ajiye mota ko wata doguwar magudanar ruwa, sa'an nan ka haddace fuskar da take daga inda za ka yi dako. Idan hanyar ta miƙe daga gabas zuwa yamma kuma ka shiga ta arewacinta, to duk inda ka ruɗe, kudu kawai za ka nufa. Kada ma ka saita motar kai tsaye. Ka karkata da gangan zuwa gefe ɗaya, misali gabas kaɗan, domin idan ka fito kan hanya ka san tabbas yamma za ka juya, maimakon ka tsaya cikin duhu kana canki-canka.

Isuhu Damagaram:
Na gode, Dokta. Idan sama ta washe, ba zan iya dogara da taurari ba? A gida da su muke gane gabas.

Dokta Bashir Zariya:
Za su taimaka idan ka samu sarari. Kaza da 'ya'yanta tana fitowa ta gabas da magariba a watan Nuwamba, kamar yadda ka sani a gida, kuma tauraron arewa da yake ƙasa-ƙasa a Damagaram, wajen digiri 14 daga doron ƙasa, a nan ya ɗaga zuwa kusan digiri 35. Sai dai hazo yakan kwanta a fadama da asuba, rassa kuma su rufe sama. Ka kuma kula da wani ruɗani na mu Hausawa: mun saba alƙibla ita ce gabas, alhali a wannan jiha tana arewa maso gabas ne, don haka kada ka ɗauki inda ka fuskanta a sallar asuba a matsayin gabas ɗin taswira.

Baba Maharbi Nguru:
'Ya'yana, ni ban san Amurka ba, amma a fadamar Haɗeja da Nguru na tsufa, cikin kachalla da taɓo, kuma ina jin laka ba ta da ƙabila. Isuhu ɗana, ka sari sanda doguwa wadda ta fi ka tsayi, kada ƙafarka ta taka inda sandar ba ta fara taɓawa ba. Ruwan da ya kwanta shiru babu ciyawa a kansa shi ne mai zurfi, ka bi gindin itatuwa da tushen ciyawa, nan ƙasa take da ƙarfi. Idan ƙafa ta nutse kada ka yi kokawa da taɓo, ka kwantar da sandar ka jingina a kanta, ka zaro ƙafa ɗaya a hankali, ko da takalmin zai tsaya a ciki.

Game da makuwa kuma, iyayenmu sukan ce wanda ya ɓata a daji ya zauna ya tuɓe rigarsa ya juya ta baibai. Da ina yaro na ɗauka asiri ne. Da na girma sai na lura cewa kafin mutum ya ajiye bindiga, ya tuɓe riga, ya juya, ya mayar, numfashinsa ya dawo daidai, ya fara jin kukan zakara ko ƙarar mota da tsoro ya toshe masa. Wanda na ga daji ya wahalar, kullum mai gudu ne.

Hajiya Rabi, ma'aikaciyar jinya:
Baba ya faɗi gaskiya, kuma ina so in ja hankali kan sanyi, domin shi ya fi maciji da kada haɗari a wannan wata, ko da yake duka biyun akwai su a Croatan. Ruwa yana zuƙe zafin jiki kusan sau 25 fiye da iska, kuma mutumin da ya jiƙe zai iya shiga mawuyacin hali ko da ruwa bai daskare ba. Alamun farko su ne karkarwa da rikicewar tunani da kasa ɗaure igiyar takalmi, wato daidai lokacin da kake buƙatar hankalinka shi ne yake guduwa. Kada ka sa kayan auduga a jikin fata, ka sa na ulu ko na roba masu saurin bushewa, ka ɗauki safa da riga na canji a leda, da ashana, da usur, da fitilar goshi biyu. Busa uku a jere ita ce alamar neman agaji da kowa ya sani a nan. Ka kuma rubuta wa iyalinka sunan hanyar da za ku ajiye mota da lokacin da za su kira lambar agajin gaggawa ta 911 idan ba su ji daga gare ka ba.

Alhaji Garba na Raleigh:
Saura abu ɗaya da ba a taɓo ba, kuma a nan ne na taɓa kwana a daji. Shiga da asuba ba ta cika ɓatar da mutum ba, domin gari yana ƙara wayewa ne. Bin jini da magariba shi ne tarkon. A tsakiyar Nuwamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 5, barewar da aka harba kuwa takan nufi mafi cunkoson wuri da ruwa, kai kuma kanka yana ƙasa kana neman ɗigon jini, ka yi kwana goma sha ba ka ƙirga ko ɗaya ba. Ni da na ɗaga kai a wannan dare, kowace bishiya ta zama ƙanwar 'yar'uwarta, na kuma bi haushin karnukan wasu mafarauta ina zaton gida ne, ashe su ma tafiya suke yi. Saboda haka kafin ka sauko daga bishiya ka duba kamfas ka riƙe fuskar da ta gudu, ka rataya wani abu mai ƙyalli a bishiyar, kana tafiya kana maƙala takardar bayi a rassa. In ka yi nisa babu alama, ka koma ka kira abokinka, ku shiga ku biyu, ɗaya yana duban jini ɗaya yana duban hanya. Hularka ko rigarka mai ruwan goro kuma, wadda doka ta wajabta a lokacin farauta da bindiga, kada ka cire ta don duhu ya yi, kuma fitilarka ta kasance a kunne duk lokacin da kake motsi, domin ba kai kaɗai ne mai bindiga a dajin ba.

Malam Habibu Agadas:
Tunda an zo kan bin jini a cikin ruwa, akwai hukuncin da ya shafi wannan. Ka ambaci sunan Allah lokacin harbi, idan ka same ta da rai ka yanka. Amma a hadisin Adiyyu ɗan Hatim an hana cin abin farautar da aka tarar ya nutse a ruwa, domin ba a san ko ruwan ne ya kashe shi ko harbin ba. Don haka ya fi maka ka zaɓi bishiyar da ke kan tudu a gefen fadamar, ba a tsakiyarta ba.

Isuhu Damagaram:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi magana da abokin nawa, ya yarda mu tafi tun ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci mu kwana a New Bern, mu yi amfani da safiyar Asabar wajen bin hanya da kafa ƙusoshi, dakon farko kuma ya zama na yammacin ranar, a bishiyar da ba ta wuce mita 300 daga hanya ba. Na sayi kamfas yau. Dokta, idan ba damuwa zan turo maka hoton taswirar wurin ka duba mini ko fuskar fitar da na zaɓa daidai ce, domin akwai wata magudana da ta ratsa tsakanin bishiyar da hanyar, kuma ban ga inda ake tsallake ta ba.