Neman kalmar Hausa: me za mu kira "community policing"?

1/ Masu fassara da 'yan jaridar Gombe, ku zo mu tsayar da magana ɗaya. Tun 2020, da sabuwar Dokar 'Yan Sanda ta maye gurbin ta 1943, ake ta batun "community policing", wato 'yan sanda su yi aiki hannu da hannu da jama'a, kuma a rediyo an fi cewa "'yan sandan al'umma". Ni dai fassarar nan ba ta kwanta mini ba.

2/ Mutane take nunawa, alhali salon aiki ake nufi. Tsoho a unguwar Jekadafari ta Gombe in ya ji ta, abin da zai zo masa shi ne wata sabuwar runduna da kakinta, ko 'yan banga da aka ba lasisi. Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 kuwa runduna ɗaya ya kafa. Abin da dokar 2020 ta kawo kwamitoci ne, inda 'yan sanda za su riƙa zama da wakilan jama'a.

3/ Wani dattijo ya ce a dawo da "'yan doka". Baba, Allah ya ƙara girma, amma wannan suna yana da masu shi, 'yan sandan En'e, waɗanda aka haɗe da na tarayya a zamanin mulkin soja. "Tsaron unguwa" kuma aikin 'yan sintiri ne da tocila da usur, babu ɗan sanda a ciki.

4/ Shawarata: gayyar tsaro.

5/ A gayya kowa da fartanyarsa yake zuwa, amma akwai mai nuna inda za a kama da inda iyaka take. Haka abin yake. Mai shayin bakin tasha ya san samarin da ke taruwa bayan sha biyun dare. Mai unguwa ya san baƙon da ya kama haya jiya. Uwa ta san ranar da ɗanta ya fara bin 'yan kalare, 'yan daban Gombe, tun kafin ya ɗauki adda. Jami'in da aka turo daga wata jiha bai san ko ɗaya ba, kuma ba wanda zai faɗa masa muddin ana tsoron mai kai rahoto ya kwana a sel. Tun 1829, da Robert Peel ya kafa 'yan sandan Landan, a kan yardar jama'a aka ɗora aikin.

6/ Wata malama ta kawo suka mai nauyi: gayya na iya zama taron dangi a kan wanda aka yi wa ihun ɓarawo. Malama, tsoron nan ni ma ina da shi, don rayuka sun salwanta ta wannan hanya. Shi ya sa na nace da batun iyaka. Jama'a su ba da labari, su sasanta rikici tun yana ƙarami, in sun kama wani su miƙa shi da ransa da lafiyarsa. Bincike da tsarewa na ɗan sanda ne, shi ma sashe na 35 na tsarin mulki ya ɗaure shi: ya kai mutum kotu cikin kwana 1, ko 2 in kotun na da nisa. Hukunci na alƙali ne.

7/ Ga yadda za ta zauna a labarai: "An kafa kwamitin gayyar tsaro a Bolari." Abin da ya rage shi ne sunan mutum ɗaya daga cikin 'yan kwamitin. "Ɗan gayya" bai yi ba. Ina ganin "ɗan kwamitin tsaro" ya isa, sai dai in mutanen Bauchi na da wadda ta fi ta.