Sinanci ko Turanci? Don Allah ku ba ni shawara

Ɗan Agege: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara huɗu ke nan ina tsaron shagon kawuna a Alaba, kayan sola muke sayarwa. Shi ya ɗauko ni daga Kano bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya biya mini kuɗin difloma, ko auren ƙanwata shi ya tsaya, don haka ba na iya musa masa. Yanzu ya ce in shiga Cibiyar Confucius ta Jami'ar Legas da ke Akoka in koyi Sinanci, saboda tafintan da yake ɗauka a birnin Guangzhou na ƙasar Sin ya cuce shi, sau biyu ana turo mana batir ɗin da ba shi muka biya ba. Ni kuwa jarrabawar Turanci ta IELTS, wadda ake nema don fita waje, nake tara wa kuɗi. Wallahi barci ya ƙaurace mini.

Alhaji Mai Janareto: Yaro, bi maganar kawunka. Tashar jiragen ruwa ta Lekki da aka buɗe a 2023, wa ya gina? Layin dogon Legas zuwa Ibadan fa? 'Yan Sin. Masu Turanci sun yi yawa a garin nan, amma wanda ya ci jarrabawar Sinanci ta HSK mataki na 4 nemansa ake.

Uwar Biyu: Alhaji, a yi mini afuwa, ko a baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou da Turanci ake ciniki. Ƙanina ya yi shekara yana tafinta a wata masana'anta a Ogun, aiki har Lahadi, albashin bai taka kara ya karya ba. Har yau raina a ɓace yake.

Alhaji Mai Janareto: Hajiya, ƙaninki albashi ya nema. Wannan dukiyar gidansu zai kare. Farashin gaskiya a cikin masana'anta ake faɗinsa, da harshensu.

Malamin Idi-Araba: Karin sauti huɗu ne a Mandarin, wato daidaitaccen Sinanci, ba zai ba Bahaushe wuya ba, mu da muke bambanta kuka na hawaye da kuka ta miya. Rubutun ne aikin. Amma ƙane, wace ƙasa kake son zuwa da IELTS ɗin? Sakamakonta shekara biyu kawai yake aiki.

Ɗan Agege: Malam, ban tsai da ƙasa ba tukuna. Amma ku fahimce ni, ba butulci nake yi ba. In na koyi Sinanci, shago zan ci gaba da tsarewa har in tsufa.

Alhaji Mai Janareto: Shagon ne abin kunya? Turo mini lambar kawun naka.

Ɗan Agege: Alhaji, don Allah a'a. Bai ma san na yi wannan tambayar ba.