Sarin bututun kwali daga Legas zuwa Kano: akwai riba a ciki?

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum. Ina da ɗan jari da nake son juyawa, kuma wani abokina ya ja hankalina ga sarin bututun kwali, wato kwarkwaron nan da ake naɗe leda da tishu da yadi a jikinsa. Ya ce masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa suna cin sa da yawa, don haka niyyata ita ce in riƙa sarowa daga Legas ina ajiyewa a sito, ina sayar musu a hankali. Ina roƙon waɗanda suka san harkar su faɗa mini abin da ya kamata in lura da shi kafin in saka kuɗina.

Mai Injin Leda:
Wa alaikumus salam, Malam. Shawarata ita ce kada ka sayi ko ɗaya sai ka zagaya masana'antun ka ji awon da kowace take amfani da shi, domin abu uku ake dubawa: faɗin ramin ciki, kaurin bango, da tsawo. Yawancin injinan naɗin leda suna karɓar mai ramin inci 3, wato milimita 76, manyan kuma inci 6, kuma idan ramin ya matse ko da kaɗan ne sandar injin ba za ta shige ba. Na tishu siriri ne, bangonsa bai fi milimita ɗaya ba, amma na leda yana buƙatar kauri sosai, saboda ledar tana ci gaba da matse shi bayan an gama naɗi.

Mun taɓa karɓar kaya masu araha daga wani ɗan sari, a ido ba su da aibu, amma da muka naɗa sai bututun ya lotsa ya kama sandar, har sai da muka sa wuƙa muka yanka naɗin gaba ɗaya kafin muka fitar da ita. Daga ranar ba mu ƙara saye a hannunsa ba, ko da ya rage farashi.

Alhajin Sito:
Abin da ɗan'uwa ya faɗa gaskiya ne, sai dai ni abin da ya fi damuna shi ne kuɗin mota. Bututu rami ne, ma'ana idan ka cika tirela da shi, mafi yawan abin da ka biya wa haya a tafiyar kilomita kusan 1,000 iska ce. Masu dabara sukan zura ƙanana a cikin manya, amma hakan ba ya yiwuwa sai kana da masu sayen awo daban-daban. Sannan ga laima: kwalin na tsohuwar takarda ne da aka sake sarrafawa, an manne shi falle-falle da gam, don haka da damina yakan sha danshi ya yi laushi, da hunturu kuma ya bushe ya ɗan tsuke. Kada ka ajiye shi a kan siminti, ka shimfiɗa katako, kuma dogayen a kwantar da su a miƙe don kada su lanƙwashe.

Da ni ne kai, da naɗin takardar kwalin zan riƙa ɗaukowa, tunda shi a cure yake, in sayi ƙaramin injin da ke murɗa ta a karkace yana fitar da bututu, in riƙa yankawa daidai odar kowa. Matsalar wannan hanya ita ce wutar lantarki da kuma farashin takardar, wanda ke bin dala.

Ɗan Kurna:
Na gode ƙwarai, Alhaji, Allah ya saka da alheri. Jarina bai kai na inji ba tukuna. Shin masana'antu suna karɓar wanda aka taɓa amfani da shi, idan na tattaro daga wurin masu buga takardu da 'yan Kantin Kwari?

Mai Injin Leda:
Ƙananan masana'antu suna karɓa, matuƙar bakinsa bai farfashe ba kuma bai taɓa jiƙa ba. Ka yanke gefen da ya lalace, ka ware su bisa awo, sannan ka kawo guda goma mu gwada a kan inji kafin mu yi maganar farashi.